Manu Mai Faci da Dokar Saɓa Keke

Duk wanda tayar kekensa ko ta babur ɗinsa ta taɓa sacewa a Kankiya ya san rumfar Manu. Tana nan gindin wata tsohuwar bishiyar bedi, wato dogon yaro, ba nisa da tasha. Kayan aikin ba su da yawa: famfo, da akwatin ƙarfe mai ɗauke da sifana da sholisho, da kwanon ruwan da yake tsoma robar taya yana neman inda kumfa zai fito, da benci guda wanda masu hira suka fi masu kawo gyara cin moriyarsa. Shekararsa hamsin da huɗu. Mutumin Bauranya ne ta ƙasar Kusada, gajere mai faɗin kafaɗa, yana da matarsa Sa'a da 'ya'ya biyar da 'yar gonar da ba ta kai su kaka sai da ciko. In ka cire tseren keke daga rayuwarsa, iyakar labarinsa ke nan.

Shi kuwa tseren, asalinsa wautar ƙuruciya ce. Lokacin da babura ba su cika gari ba, Manu da abokansa sukan dawo daga kasuwar Kankiya a kan kekuna suna rige-rigen isa gida. Wata rana da damina ya ga za a wuce shi, sai ya yanke ta cikin wata gonar gero a bayan ƙauyen Boko. Ashe mai gonar na ciki yana noma. Sodangi ke nan, a lokacin ƙarfinsa, mutum mai dogon wuya da gajeren haƙuri. Ya biyo shi da fartanya, keke kuma ya kafe a taɓo, aka kama Manu a hannu kamar kaza. Sodangi bai mare shi ba, bai zage shi ba. Ya tsuguna ya ɗauko wani karan gero da taya ta murƙushe, ya sa masa a tafin hannu, ya ce, "Ka san ko mi ne ne wanga? Tuwon ɗiyana ne ka hau da keke." Daga nan ya sa shi dashe, yana ragewa daga gindin da ya yi yawa yana dasawa a gurbin wanda ya kashe, har rana ta faɗi. Ranar da keke a kafaɗa Manu ya koma gida, don tsoron kada ya sake taɓa ko ciyawar wani.

Da rige-rigen ya zama tsere na gaske, wanda ake sa wa rana, Manu ne ya shimfiɗa masa doka, kuma daga wannan wuyar da ya sha ya ɗauko ta. Ana yin tseren ranar Asabar bayan an gama noman farko, a tashi daga bayan Boko, a bi burtali, a ratsa yashi da fadama, a leƙa Bauranya da Yashe a dawo, ba a taka kwalta ko taku ɗaya. Duk inda hanya ta matse tsakanin gonaki biyu, dole mutum ya sauka ya saɓa kekensa a kafaɗa ya wuce da ƙafa. Wanda ya taka shuka ya fita daga tseren wannan shekara, kuma a ranar zai ɗauki fartanya ya dasa abin da ya kashe. Wanda ya zo na ɗaya, rabonsa zakara ne da sabuwar taya. Tayar kuwa kullum daga shagon Jeremiah take fitowa, wani mai sayar da kayan kekuna da babura da ya zo Kankiya daga kudu yana saurayi, ya zauna har Hausarsa ta fi ta wasu 'yan gari. Shi ma yana shiga tseren, kuma shi da Manu ne ke gasar wanda ba zai zo na ƙarshe ba.

Gaskiya dai, Manu bai taɓa cin zakaran nan ba. Shekara ashirin da shida yana tsere, mafi kyawun abin da ya taɓa yi shi ne na huɗu, shi ma a shekarar da zazzaɓi ya kwantar da rabin masu gudu. Amma a wajen doka ba ka da kamarsa. Kafin kowane tsere sai ya jera mutane, manya da gemunsu, ya sa su sauka su saɓa, su ajiye su hau, su sake sauka su saɓa, har sai sun fara zaginsa a ciki. Sagir, wani direban tifa daga Kusada wanda ya ci zakara sau biyar, yakan ce ko a mafarki ya ga gero sai ya ji kafaɗarsa ta ɗaga.

Bara ne abu ya so ya lalace. Wani baƙo da ya zo tseren ya yanke kwana ta cikin gonar wani, ya yi ɓarna, ya hau kekensa ya gudu garinsu ba tare da ya dasa ko ɗaya ba. Manoman Boko suka taru a ƙofar mai unguwa suka ce an daina. Sodangi ne, yanzu ya tsufa yana dogara sanda, ya tashi ya tsaya wa Manu. Amma ya tsaya masa da sharaɗi, a gaban kowa: in aka sake ratsa gonar wani da keke, tsere ya ƙare, kuma shi da bakinsa zai ce a rufe. Manu ya ɗauki alkawari, ya ce ko kara ɗaya ba za a sake takawa ba. Tun daga ranar alkawarin nan yake ɗauke da shi a ka, ko barci yake yi.

Bana kuma sai ga jama'a. Wani ya ɗauki tseren bara a waya ya watsa, masu sha'awar keke na birni suka gani, yadda ake kutsawa cikin taɓo ana saɓa kekuna ya burge su. Ranar Juma'a da hantsi mutum arba'in da uku suka hallara a Boko, wasu daga Katsina, wasu daga Kano, da kekuna marasa nauyi waɗanda yatsa biyu ke ɗagawa, da huluna kamar rabin ƙwarya, da tantuna masu launi waɗanda ake jefawa su buɗe da kansu. Al'adar tseren ita ce a kwana a wurin tashi, don ana idar da sallar asuba ake shirin gudu. Can saman gonar Sodangi akwai wani fako inda ake sussuka da kaka, nan ake kwana duk shekara. Mutum goma sha biyar yake ɗauka, in an matsa ashirin.

Manu ya tsaya ya dubi fakon, ya dubi jama'a, ya san ba za su shiga ba. Gefe guda akwai saurar Sodangi, gonar da bai shuka ba bana, fili fetal, kalma ɗaya ce tsakaninsa da ita. Amma nauyi ya hana shi. Mutumin da ya tsaya maka a gaban mai unguwa, ya ba ka fako, iyalinsa suna dafa wa baƙinka abinci, kuma ka koma ka ce a ƙara? Ga kuma tsoron kada baƙi su yi ta zirga-zirga kusa da shuka. Sai idonsa ya sauka kan koramar da ke ƙasan gonar. Kwana goma sha biyu rabon da a yi ruwa, yashinta fari tas, a bushe, ga laushi, ga faɗi, ba shukar kowa a ciki. Sama kuma wasai, ko gizagizai babu. Ya ce a sauka can a kafa tantuna.

Sa'a ta zo tun safe tana taya iyalin Sodangi dafa dambu. Da ya leƙa ɗaukar ruwan sha, ta tare shi a bakin zaure.

"Baban Murja, mi nike ji haka? Wai cikin korama ka sauke mutane?"

"Kwana ɗaya ne, Sa'a. Dubi sama."

"Na duba. Ni dai ban taɓa jin ɗan Bauranya ya shimfiɗa tabarma cikin korama da damina ba, sai kai. Ka hwaɗa wa Baba Sodangi?"

"Baba ya tahi ta'aziyya Yashe, sai yamma."

"To, Allah shi kyauta," in ji ta, ta koma wajen tukunya.

Ya san gaskiyarta. Duk yaron da ya tashi a ƙauyukan nan ya san korama ba ta jiran a yi ruwa a kanta, in an yi a can gabas ya isa. Manu ya sani sarai, amma ya danne sanin, ya ɗauki jarkar ruwa ya gangara.

Yinin ya yi daɗi, ba a ƙaryata wannan. Baƙi suka baje cikin yashi, ana gyaran birki ana shafa wa kaca mai, 'yan birni suna dariyar tsohon baƙin keken Manu mai nauyin ɗan maraƙi, shi kuma yana nuna musu yadda ake rage iskar taya don kada ta nutse a yashi, da dalilin cire marufin taya kafin a shiga taɓo. Ya jera su ya sa su saɓa da ajiyewa har sau goma. Wani ɗan Kano ya ce shi tsere ya zo ba fareti ba. Sagir ya ce masa, "Yi haƙuri ka saɓa, abokina. Mu shekara goma muna yi, bai ce mun iya ba." Jeremiah ya ɗora shayi a kan gawayi. Manu ya sanar da su cewa gudun gobe shi ne nasa na ƙarshe, gwiwa ta fara yi masa gardama, daga bana sai dai ya riƙe usur.

Bayan la'asar iska ta ɗauke cak. Zafi ya sauko, tsuntsaye suka yi shiru. Da Manu ya ɗaga kai, gabas ta haɗe baƙi ƙirin tun daga ƙasa, walƙiya na wasa a cikinta can nesa. Ya ce a ransa bari a idar da cin dambu sai a kwashe a hau fako ko a matse. Wannan jinkirin shi ne kuskurensa na biyu. Kafin a wanke hannu wata iska mai sanyi ta taso da ƙanshin jiƙaƙƙiyar ƙasa, ta tumɓuke tanti biyu ta yi sama da su. A ƙarƙashin kukan iskar kuma ya ji wani gunji, kamar babbar mota tana tahowa daga nesa, alhali babu hanyar mota a wajen. Ya dubi gabas cikin korama, sai ga wani siririn ruwa ja yana rarrafowa a kan yashi, yana turo kumfa da karare da kashin shanu a gabansa.

Hanyar da suka bi suka sauko tana can gaba, wajen da ruwan ke tahowa. Gaɓar tsallake kuwa tsaye take kamar bango, ta fi tsawon mutum biyu. Mafita ɗaya ce tak, ita ce gaɓar da ke bayansu, kuma daga bakinta har zuwa fako geron Sodangi ne, kore shar, bai kai gwiwa ba. Manu ya ga alkawarinsa, ya ga mai unguwa, ya ga shekara ashirin da shida, duk a ƙiftawar ido. Sannan ya buɗe baki ya yi ihun da bai taɓa yi ba a rayuwarsa.

"Ruwa! Korama ta kawo! Ku bar kaya, ku haye ta cikin gona! Ku taka, na ce ku taka!"

Bai tsaya ganin hawansu ba. Ya bi tantuna ɗaya bayan ɗaya yana dukansu da hannu yana leƙawa, don akwai waɗanda suka kwanta hutawa. Ya fito da mutum biyu da magagin barci ya tura su gaba. Ruwan sama ya ɓarke kamar da bakin ƙwarya. Ruwan korama ya kai idon sawu, ya kai ƙwauri, yana jan yashi daga ƙarƙashin ƙafa. Ya juya zai hau ke nan ya ji ana kiransa. Jeremiah ne zaune cikin ruwa riƙe da ƙafa, igiyar tanti ta harɗe shi ya faɗi, idon sawunsa ya gurɗe.

"Malam Manu, tafi kawai, zan rarrafo!"

"Rarrafen mi? Kama wuyana!"

Jeremiah ya fi shi jiki nesa ba kusa ba, goyonsa ba zai yiwu ba. Manu ya jawo tsohon kekensa, ya ɗora shi a kan sirdi, ya ce ya rungume kan keken. Ya tura, suka zame, ya sake turawa da ƙirji har suka hau gaɓa. Ya sa tayoyin cikin kwarin kunya, shi kuma babu inda zai sa ƙafa sai kan kunyar kanta. Yana ji karan gero na karyewa a ƙarƙashin ƙafarsa, ɗaya bayan ɗaya, tun daga ƙasan gona har samanta. Ƙanƙara ta fara sauka tana dukan ƙeya. A bayansu korama ta cika ta batse, ta kwashe tantuna da tabarmi da tukwanen dambu da akwatin aikin Manu da famfonsa, ta yi yamma da su.

A fako ya tarar da jama'a a dunƙule, sun jingina kekuna sun rufe kawuna da riguna. Nan take ya shiga ƙidaya. Ya bi su yana dafa kafaɗu, ya samu arba'in da biyu, ya sake ƙirgawa, arba'in da biyu dai. Sai Sagir ya ce, "Malam, ka ƙirga kanka kuwa?" Sai Manu ya tuna bai sa kansa a ƙidayar ba. Ya durƙusa cikin taɓo yana ta alhamdu lillahi, ruwan sama na wanke masa hawaye, ba wanda ya gane yana kuka sai wanda ke kusa.

Mutanen Boko suka fito da fitilu da buhuna a ka suka kwashe baƙi. Wasu suka kwana a zauren Sodangi, wasu a barandar masallaci, wasu a shagon mai injin niƙa, kowa da aron riga ko zane. Iska ta yaye rufin rumfar dabbobi, ruwa bai tsagaita ba sai da dare ya raba. Wani mai ɗori ya zo ya ja ƙafar Jeremiah ya ɗaure. Sa'a ta aiko wa Manu da kunu mai zafi. Bai iya sha ba. Yana godiya da rayukan mutane, amma ya riga ya san tsere ya mutu. Mutum arba'in da uku da kekunansu sun ratsa gona a guje, me zai rage?

Da aka idar da sallar asuba ya samu Sodangi a ƙofar gida, ya tsuguna gabansa.

"Baba, na zo in amsa laihina. Ni na sauke su cikin korama, ni kuma na ce su taka geronka. Kada a ga laihin kowa. Zan je in hwaɗa wa mai unguwa da kaina, ba sai ka wahala ba."

Tsohon ya dube shi. Ya ce, "Ka ga ɓarnar da idonka?"

"Ban iya dubawa ba, Baba."

"To tashi mu tahi. Ba a yanke hukunci kan gonar da ba a gani ba."

Suka gangara, tsoho na gaba da sanda, Manu na baya kamar wanda za a kai wa alƙali, jama'a kuma suna biye daga nesa. Gari ya waye fes. Gero ya sha duka, iska ta kwantar da shi, ƙanƙara ta tsaga ganye, amma irin wannan kowane manomi ya san da rana ta ɗaga zai miƙe. Manu yana neman inda aka yi fata-fata da gona, bai gani ba. Sodangi ya tsaya ya nuna da sanda. A cikin kwari biyu, sawun ƙafafu ne zurfafa, wani kan wani, ruwa ya kwanta a ciki, tun daga gaɓar korama har fako. Shukar da ke kan kunyoyin hagu da dama tana nan a tsaye da ginduna, ba wadda ta karye.

"Ina dawowa daga Yashe hadarin ya tare ni," in ji Sodangi. "Ina tsaye can gindin kuka na ji ihunka. Na ce shi ke nan, gero ya tahi, Allah dai shi hid da su lahiya. Sai na ga wancan mai tifa ya hau gaɓa, ya dubi shuka, ya ɗaga kekenai ya aza a kahwaɗa, ya shiga kwari. Na bayanshi ya yi haka. Na bayan wannan ma haka. Ruwa na bin su, ƙanƙara na dukansu, suna tahiya a jere da kekuna a wuya. Har 'yan birnin masu hular ƙwarya. Ni dai tun da nike ban taɓa ganin irin haka ba."

Manu ya juya ya dubi Sagir. Sagir ya sosa ƙeya ya ce, "Wallahi, Malam, na ji ka ce a taka. Kafaɗar ce ba ta ji ba." Ɗan Kanon nan mai ƙorafin fareti ya ce shi ya ga na gaba ya saɓa ne, ya ɗauka ko a gudun ruwa ma doka na nan.

"Amma fa an yi ɓarna," in ji Sodangi. Ya taka gaba kaɗan ya sake nunawa. Kunya guda ce, an tattake ta tun daga ƙasa har sama, ba a bar gindi ɗaya da rai ba, ga layin taya a kwarin da ke gefenta. "Wanga sawun gajeren mutum ne. Ko ka san shi?"

Dariya ta ɓarke a bayansu. Daga cikin matan da suka leƙo ta kan danga aka ji muryar Sa'a tana cewa, "Mai dokar barci ya ɓuge da gyangyaɗi!" Jeremiah, da aka riƙo shi yana ɗingishi, ya ce a'a, shi ne sanadi, in dasawa ce shi zai dasa. Sodangi ya ɗaga masa hannu.

"Kunyar ga ban riƙe ta ba, ƙahwar mutum aka ceta da ita, ko goma ce na yahe. Abin da ya ɓata mini rai daban ne." Ya juyo ga Manu, fuskarsa ba wasa. "Kai, don nauyin ka roƙe ni hili, ka kwashi ɗiyan mutane ka zuba cikin korama? Ga saura can tana kallonka. Da an rasa mutum ɗaya jiya, da wane gero za ka biya uwarshi? Na koya maka girmama shuka, ban ce ka hihita ta bisa rai ba."

"Na tuba, Baba."

"Allah shi yahe mana baki ɗai. Baɗi a sauka cikin saura, ba sai an tambaya ba."

Manu ya ɗago kai a hankali, don bai tabbata ya ji daidai ba. "Baɗi, Baba?"

"Baɗi mana. Mutanen da suka tsallake gerona da ruwa a bayansu, ni ne zan hana su gudu? Mai unguwa ka bar ni da shi. Yau ma in korama ta janye ku yi abinku, ku canza hanya dai ta bisa." Gefen bakinsa ya ɗan motsa. "Sai dai akwai wata doka da na ji ana hwaɗi. Wanda ya taka shuka, mi ne ne hukuncinshi?"

Jama'a suka yi caa, wai a yi masa afuwa, gudunsa na ƙarshe ne, lalura ce ta sa. Manu bai saurare su ba. Ya miƙa wa Sagir usur ya ce ya tayar da tsere, ya naɗe ƙafar wando, ya ce a ba shi fartanya.

Ƙasa ta sha ruwa, ranar dashe ce ta gaske. Aka ajiye wa Jeremiah kujera a bakin gona, ana tara masa abin da aka rage daga ginduna masu yawa, yana datse kan ganye yana miƙa wa Manu. Sodangi ya zauna a gindin kuka yana gyara masa aiki, wai ya cika zurfi, wai ya cika tazara, kamar yadda ya yi masa shekara talatin da suka wuce. Daga nesa suka ji usur da sowar mutanen gari. Manu bai ɗago ba, amma hannunsa ya tsaya na ɗan lokaci kafin ya ci gaba. Ya ji zafin rashin gudun nan, ba a ɓoye wannan.

Hanyar dawowa ta matse ne a gefen gonar, tsakaninta da ta maƙwabci. Rana ta ɗaga sosai lokacin da na farko ya ɓullo, Sagir ne, taɓo tun daga gira har yatsa. Ya taka birki, ya diro, ya saɓa keke, yana haki ya ce, "Sannu da aiki, Malam Manu," ya wuce a guje. Na biyu ya zo, ya saɓa, "Sannu da aiki, Malam." Na uku ma haka. Masu neman zakara da waɗanda suka riga suka fid da rai, 'yan gari da baƙi, babu wanda ya wuce bai sauka ba, babu wanda ya wuce bai gaishe shi ba. Manu ya miƙe tsaye da dashe a hannu yana amsawa, "Yawwa, sannunku, Allah shi kai ku lahiya," yana ƙirga su a ransa. Wajen na talatin sai ɗaga hannu kawai yake yi. Mutum arba'in da ɗaya suka wuce, duk wanda ya kwana a Boko in ban da shi da Jeremiah.

Famfonsa wani mutumin Yashe ya tsinto shi bayan mako guda, maƙale a saiwar bishiya, ya kawo masa har rumfa. Akwatin bai dawo ba, Jeremiah ya haɗa masa wasu kayan aikin. Da kaka ta yi, Sodangi ya sa aka yanke geron kunyar nan daban, aka ɗaure aka kai masa Kankiya. Sa'a ta yi musu fura da shi, Manu kuma ya zaɓi zangarniya ɗaya mafi tsawo ya rataye a rumfa, sama da kwanon ruwa.

Tana nan har yanzu, ta yi ƙura. Masu zaman benci sukan tsokane shi, su ce shekara ashirin da shida yana tsere ko gashin zakara bai taɓa kawowa gida ba. Ba ya musu. Sai ya nuna zangarniyar da sifanar da ke hannunsa ya ce, "Mutum arba'in da uku na kai cikin korama, Allah Ya maido mini da su cif. Na ce su taka, suka ƙi. Wane zakara kuma nike nema?"